Yana kulle mu ta waje da kwado in zai fita hira: amsar mai walda

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Bari in maimaita tambayarki a takaice saboda wadanda basu ganta ba. Kince kuna zaune a Garwa ke da yara uku, maigida yana fita hira bayan isha'i baya dawowa sai sha biyu ko karfe daya, kuma in ya dawo sau da yawa turo kofa kawai yake ya wuce ya kwanta. Ke kuma barci baya daukarki in kofa ba a kulle take ba, sai kika fara kullewa ta ciki, shi kuma ya dawo yayi ta bugu makwabta na ji, yace kin wulakanta shi a kofar gidansa. Yanzu maganin da ya samo shine ya sayo kwado, in zai fita ya kulle ku ta waje ya tafi da makulli a aljihu. Kina tambaya waye mai gaskiya a cikinku kuma ya zakiyi.

Ni dai sana'ata walda ce, kofofi da tagogi da antibol, wato sandunan karfen da ake sa wa taga don barayi, nake kerawa tun ina yaron shago, ina kuma gyaran makullai, to mu ake kira da safe bayan barawo ya gama aikinsa, mu ake kira kuma in mutum ya makale a cikin gidansa. Da wannan idon zan baki amsa.

Maganar kwado ta waje, wannan a daina ta yau ba gobe ba. Ba sai an zauna an tattauna waye yafi gaskiya ba tukunna, shi wannan daban yake. Gidan da mutane ke barci a ciki ba a kulle shi yadda na ciki bazai iya fita da kansa ba, ko da kuwa duk barayin Binuwai, yankin da Garwa take, sun taru a layin. Ki tuna abinda ke cikin gidajenmu na nan, tukunyar gas a kicin, jarkar zuwa-zuwa, wato fetur na bakin titi, da maigida ya ajiye a zaure don moto, maganin sauro na kunnawa kusa da labule, waya a caji kan katifa, a dauke wuta a manta hita ko dutsen guga a jone sai a dawo da ita karfe biyun dare kowa na barci. Kuma wuta ba ita ke fara kashewa ba, hayaki ne, mutum yana laluben hanya numfashi ya kare masa tun harshen wutar bai iso ba. In kin kira 'yan kwana-kwana a 118 zasu zo, amma kafin motarsu ta ratso lungunan unguwa makwabcinki ne zai fara isowa da bokiti, ya tarar da kwado rataye yana jin kukan yara ta ciki. Ba gobara kadai ba ma. An taba buga min kofa tsakar dare, wata baiwar Allah ce nakuda ta kamata, mijin ya kulle ya tafi wani kauye daukar kaya waya bata shiga, gashi babu wuta ballantana in jona injin yanka. Da zarton karfe na hannu muka yanke kunnen kofar, wani yaro na haska min da fitilar waya, ita tana durkushe ta daya bangaren muna jin nishinta, uwar mijin na tsaye bayana tana salati. Mutumin ba mugu bane wlh, da ya dawo har shago yazo yana godiya kansa a kasa. Shi a ganinsa tsare iyalinsa yayi.

Ko a dokar kasa ma, sashi na 291 na kundin laifukan Kamaru na 2016 yace hana mutum 'yancinsa na fita laifi ne mai daurin shekara 5 zuwa 10. Ba ina cewa ki dauki mayafi ki nufi komisariya wajen 'yan sanda bane, a'a, don dai ki san abin ba karami bane.

To amma in bera da sata daddawa ma da wari. Namiji ya tsaya kofar gidansa karfe daya yana bugu, karnukan layi na haushi, makwabci ya leko ta taga, 'yan sintiri su haska masa fitila a fuska suna tambayarsa waye, gobe a majalisa a ce ai wane madam ce ta rufe masa kofa, wannan yana ci wa maza rai fiye da yadda mata ke zato. Bana jin barawo ne ya kai shi sayen kwado, kunyar nan ce. Ke tsoron wanda zai shigo kike, shi kuma tsoron a barshi a waje yake, kowa na magana kan abinda ya dame shi dayan baya ji. Kuma abin haushin, rabin wannan fadan karfe ne ya hada ku, ba hali ba.

Bari in miki bayani. Yawancin kofofin karfe na nan ana sa musu makulli mai kanon, wato dan guntun tagullan nan da ake zura makulli ciki ta waje da ta ciki. Irin wanda aka fi sayarwa a kenkayeri, shagon kayan gini da makullai, in kika kulle ta ciki kika bar makullinki a jiki, wanda yazo ta waje ko da nashi makullin a hannu bazai juya ba. Mata kuwa kusan duka barin makulli suke a jiki, wai don kada a zura wani ta waje. Sai miji ya dawo yayi ta murdawa abu yaki, a ransa yace da gangan tayi. In kuma sakata kika sa to dama babu zancen makulli. Na sha shiga gidan da aka kwana ana fada kan wannan, in cire kanon din in nuna musu a tafin hannu, su duka suyi shiru.

Maganinsa abu biyu ne ki zabi daya. Akwai kanon mai dan maballi ta ciki, ta waje makulli ta ciki hannu kawai zaki sa ki murda, ko yaro dan shekara bakwai zai bude a cikin duhu. Akwai kuma wanda 'yan kenkayeri ke kira deburayabul, shi ko makulli na jiki ta ciki na waje zai bude. Ni na fi son mai maballi don gidan da ke da yara da tsofaffi, sai dai da sharadi, kada ya zamana akwai rami ko ado na karfe kusa da shi da hannu zai iya zurowa daga waje, in akwai a sa mai walda ya toshe da faranti. Canza shi ba aiki bane, kusa daya ce a gefen kofa, a kwance ta a zaro tsohon a kai kasuwa a auna, yawanci 30/30 ne ko 30/40, wato tsawon bangarorinsa biyu a milimita, kada a sayo wanda ya fi kaurin kofar tsawo domin in ya leko waje da yawa da filaya ake kama shi a karya. Kuma ku lura da jabu, sunan Vachette kowa ya sani shi yasa aka fi buga shi a jikin na bogi, ki dauka a hannu kiji nauyi, na kirki tagulla ne yana da nauyi, makullinsa ma ba ya lankwasuwa. Shikenan ke kin kulle kin kwanta, shi ya dawo ya bude da nashi babu bugu babu 'yan sintiri, ya shigo ya murda maballi. A yanko makulli uku, naki, nashi, na ukun a kai gidan mahaifiyarsa ko wani dattijo da ku duka kuka yarda dashi. Naki kuma naki ne, ba wanda zaki roka ba.

Saura mantuwarsa ta barin kofa a ture. Nan ma kafin ayi fada da hali a duba kofar. Kofofi da yawa sun sauka, sai an daga da kafada an danna da gwiwa kafin harshen makulli ya shiga raminsa, ga kara kamar ana yanka akuya, mutum ya dawo da barci a idonsa baya son tada gida sai yace bari dai in turo. A gyara mata zama ta rika rufuwa da yatsa biyu zakiga rabin mantuwar ta tafi. In yana shigo da moto ta babbar kofa, portay, to ita a barta da sakatunta na sama da kasa ta ciki, karamar kofar jikinta ita za'a sa wa kanon din.

Yanzu bari in dan taba bangarenki, kada ki ji haushi. Mata da yawa duk hankalinsu na kan kofar gaba, alhali a gidajen da ake kirana bayan sata ba kasafai nake tarar da an bi ta nan ba. Katangar bayan gida wajen bandaki inda take gajera, bishiyar darbejiya ko mangwaro da reshenta ya haura katanga, tulin bulo ko yashi da makwabci ya zube jikin gini, kangon da ba'a gama ba a gefenku, nan ne hanya. In ma ta kofa aka bi, sau da yawa zaki tarar da kwadon nan lafiyarsa kalau a kulle yana lilo, kunnen da aka rataya shi ne aka banbare da guntun rodi domin mai walda digo biyu kawai ya masa. Ko a daga kofar gaba daya daga hinjinta tunda hinjin na waje kuma ba'a toshe kansa ba. Ko tol din kofar, wato farantin karfen jikinta, 8/10 ne, kaurinsa bai kai milimita daya ba, sirara kamar gwangwanin madara, a yanka ta a nade. Kofar waje ni bana yi wa mutum kasa da 15/10, milimita daya da rabi, in ya yarda da kudin, in bai yarda ba in fada masa gaskiya ya je wani wajen. To kinga mutum zai iya kashe kudi ya sayo kwado mai girman kan jariri ya rataya a kofar da bata da kashi.

Lokaci ma haka. Kowa na tsoron karfe daya na dare, amma ki tambayi duk wanda aka dauke wa moto ko tukunyar gas ko batirin sola, da yawa zasu ce miki da asuba ne, maigida ya fita masallaci ya bar kofa a bude don minti goma ne kawai ai, mata sun koma barci. Sai daren da ake ruwa mai karfi kan kwano ko guduma ake bugawa bazaki ji ba, sai lokacin sallar Juma'a da layi yake zama babu namiji, sai goman karshe na azumi da ake tafiya tahajjud, sai kuma satin Layya da rago ke daure a tsakar gida yana tallan kansa da kuka. In zaki roke shi abu daya bayan cire kwadon, ki roki na asuba.

Nasan in Maris ta shigo wani sabon fadan zai taso, don duk gidan da na sani ana yinsa. Zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kwano ya sha rana tun safe, dare yayi a dauke wuta fanka ta tsaya, shi yace a fito tsakar gida a shimfida tabarma, ke kice sai dai a daki a kulle har taga. Anan kam shi zan bi. Daki a rufe ruf cikin wannan zafin da jariri ko tsoho hatsari ne na gaske ba na zato ba. Abinda nake yi wa mutane shine kofa ta biyu ta sanduna zalla da ragar sauro a jiki, a bude ta tol din a kulle ta sandunan, iska na wucewa mutum baya wucewa. In tsakar gida za'a kwana to a kulle dakuna da kaya a ciki, wayoyi kada a ajiye su gefen filo kusa da katanga. Da sanyi kuma, Disamba da Janairu, kishiyar haka ake yi, a shigo da kaskon gawayi daki a toshe ko ina, wannan iskar da gawayi ke fitarwa bata da wari bata da launi, barci kawai mutum zai ji yana kara nauyi. Janareta ma haka, ba'a kwana dashi a zaure a rufe don tsoron kada a sace.

Sai antibol na tagogi, wanda nake samun kudi dashi amma nake jin nauyinsa a raina. Mun mayar da dakuna keji, ko wace taga an dinke ta da rodi an binne cikin siminti, kofa daya tak. Hausawa sunce gida biyu maganin gobara, to ni nace ko daki ma hanya biyu yake so. A dakin da yara ke kwana a sa a yi wa antibol daya hinji ya rika budewa ta ciki, da sakata a boye inda hannun waje baya kaiwa, in kwado za'a sa masa to makullin a rataye a kusa jikin bango, kasa da tsayin babba, kowa a gidan ya san wurin, kuma a gwada budewa lokaci lokaci don tsatsa.

Kince in kin masa magana yana cewa Allah ne ke tsarewa. Gaskiya ne, babu mai musu. Amma hadisin Jabir dan Abdullahi yana cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah SAW yayi umarni in dare yayi a rufe kofofi a ambaci sunan Allah, a kashe fitilu, a rufe kwanuka, yace shaidan baya bude kofar da aka rufe. Kuma kowa ya san wanda ya tambaya ya daure rakumarsa ne ko ya saketa yayi tawakkali, aka ce masa daure ta kayi tawakkali. To rufe kofa da dare ba karancin imani bane, sunna ce, kuma ki lura a hadisi daya aka hada maganar kofa da maganar wuta. Sai dai dan Allah kada ki harba masa hadisi cikin fada karfe dayan dare, babu namijin da ke karbar wa'azi yana tsaye da takalmi a kafa. Ki bari da rana bayan yaci abinci, kuma kada ki fara da kai kullum kaza, ki fara da abinda ke hanaki barci, kice Malam in wuta ta tashi kana wajen hira ta ina zan fitar da yaran nan. Ki barshi ya amsa da kansa. Daga nan ki kawo maganar kanon, in son samu ne ki bari ya zama shi ya je kenkayeri ya zabo, ya kira mai gyara, ya tsaya a kai ana daurawa. Maza muna son a ce mu muka kawo maganin, ba sai na boye miki ba.

Akwai abu guda da zan fada ko da bazai miki dadi ba. In kika kawo duk wannan, makullin da shi zai bude ta waje ke ki bude ta ciki, kudin ma kika ce zaki biya daga adashinki, amma ya kafe sai dai kwado ta waje kuma makulli daya a aljihunsa, to ba barawo yake tsaro ba, ke yake tsaro. Wannan kuma ya fi karfin mai walda, zargi ne, kuma ba'a gyara shi da karfe. Sai ki kai maganar wajen waliyyinki ko babban wansa ko limamin unguwa, cikin sirri ba a gaban kawaye ba. Kada kuma wani ya rude ki da cewa ai haka kulle yake. Gidajen kakanninmu da ake auren kulle na gaske zaure ne da tsoho zaune kan buzu, yara na shiga suna fita da aike, bako yayi sallama ya tsaya, da dare a kara kyaure a tokare ta ciki. Mace bata fita sai da izini amma babu wanda ya rataya mata kwado.

Ke ma ki duba kanki ta wani gefen. In kin kulle kin gani da idonki, kin kwanta, sai ki tashi ki sake dubawa, ki koma ki sake tashi har sau hudu biyar, ko motsin kyanwa kan kwano ya sa kirjinki bugawa har asuba, to wannan ba kofar bace kuma. Ina ganinsa sosai wajen wadanda barayi suka taba tsayawa a kansu da adda, da wadanda suka taso daga wajen Kolofata da Amcide da Fotokol tun rikicin Boko Haram na 2014, da 'yan uwanmu da masu garkuwa suka koro daga rugage. Irin wannan ko kofar banki na kera masa bazai yi barci ba, kuma miji yayi ta cewa kin cika tsoro baya kara komai sai ciwo. A fada wa likita a asibiti kai tsaye, ana samun sauki, a hada da azkar na kwanciya. Wata dabara karama da take taimakon wasu, mutum daya ne ke da alhakin kullewar karshe a gidan, in ya kulle ya fada da baki a ji, na kulle da bismillah, daga nan babu mai sake tashi.

Kuma ku san makwabtanku, lambar mutum biyu na layin a wayarki da ta shugaban 'yan sintiri in kuna dasu, 117 ta 'yan sanda, 113 ta jandarma. Kwan fitila mai sola daya a bayan gida wajen gajerar katangar nan yafi kwado na biyu amfani. In kun taba ba 'yan haya ko mai aiki ko magina makulli suka tafi, ko daya ya bata, kada a tsaya jiran ko za'a gani, a canza kanon din kawai tunda kusa daya ce.

In hunturu ya shigo kura zata cika ramin makullin ya fara tauri, kada ki zuba masa man gyada ko bakin mai, kurar zata hadu dashi ta zama laka ya kafe gaba daya wata rana da dare. Ki goga bakin fensir a jikin makullin sosai, ki zura ki zare sau da yawa, zai saki.